Rasuwar Dakta, Wanda Ya Ce Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da gishiri, Ustaz Falih Abdul-Zahra, wanda aka fi sani da Abu Nawras, malamin ilimin ƙasa a makarantar sakandare kuma shugaban Kwamitin Masu Kishin Kogi, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da dukkan mutanen Abul Khasib rasuwar abokin aikinsa, ma'aunin gishirin nan shuɗi da kowa ke kira Dakta. Ya rasu ranar Talata da hantsi a shagon shayin Ganim, bayan gajeriyar jinya ta daƙiƙa huɗu ko biyar. Shekarunsa shida. Daga inda kogunan Dijla da Furat suka haɗu har zuwa inda koginmu Shaɗɗul Arab ya faɗa teku, ba a taɓa yin ma'aikacin da ya shekara shida a bakin aiki bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba sai shi. Ustaz na roƙon jama'a su riƙe wannan magana da kyau, domin tun ranar Talata akwai masu yawo da wani zance daban.

An haifi marigayin a ƙasar Sin, a gida mai yawan 'ya'ya. Ya iso Basra cikin kwali, Ustaz kuma ya gamu da shi a kasuwar Ashar, a kan tebur ɗaya da tarkon ɓera da rigunan waya. Tsawonsa bai kai buroshin haƙori ba. Yana da ƙafafu biyu na ƙarfe da ake tsomawa a ruwa, da 'yar taga ɗaya inda yake bayyana ra'ayinsa da lamba. Wanda ya sayar da shi nasiha ɗaya ya yi, cewa kada a kusantar da shi ga ruwan zafi. Marigayin ya kuma zo da wata takarda mai ƙananan rubutu na Sinanci da Turanci, wadda Ustaz, da yake ya yi jami'a, bai ga dalilin karantawa ba. A ranar ya ninke ta huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin Ganim da ya daɗe yana rawa, kuma ta yi wa teburin amfani ƙwarai.

Kafin zuwan Dakta, unguwa tana cikin abin da Ustaz ke kira zamanin harshe. Sau biyu a yini teku ke cika ya turo ruwan kogi baya cikin ƙoramu, kuma tun kakanni tsarin ɗaya ne: idan ruwan da ya shigo mai daɗi ne, a ɗaga ƙofar ƙarfen da ke bakin ƙorama ya bi lambuna, idan teku ya zuro harshensa na gishiri a ciki, a bar ƙofa a rufe. Mai yanke hukunci shi ne Hajji Lafta, tsohon manomin dabino da ya riƙe makullin ƙofar shekara talatin da ɗaya. Sai ya tsuguna a bakin ruwa, ya ɗebo da tafin hannu, ya kurkure baki, ya kalli sama kamar mai neman tuna sunan wani, ya tofar. Daga nan ya ce “buɗe” ko ya ce “bari”. Duk iliminsa kalma biyu ke nan, in ji Ustaz, kuma babu wadda za a iya rubutawa a takardar koke.

Dakta ya zo da lamba. Kwamiti ya zauna, ya gode wa Hajji Lafta bisa doguwar hidima, ya karɓi makulli ya danƙa wa Ustaz, ya kuma kafa doka: ƙasa da dubu biyu a buɗe, sama da haka a bari. Hajji ya miƙa makullin ba gardama, tambaya ɗaya kawai ya yi.

“Ustaz, shi wannan Daktan naka, in ya sha ruwan, ina yake tofarwa?”

“Ba sha yake yi ba, Hajji. Aunawa yake.”

“To wanda ba zai sha ba, me ya dame shi?”

An yi dariya an tashi, kuma ba a rubuta tambayar a littafin kwamiti ba.

Halayen marigayin sanannu ne. Ba shi da surutu. Idan aka tashe shi sai ya ce “tit”, idan ya gama tunani ya ce “tit-tit”, sauran bayani yana taga. Cimarsa ƙananan batura biyu a shekara, masu kama da maɓallin riga. Lambar da zai faɗa wa mai mota ita zai faɗa wa mai keke. Shi ya tona asirin wani direban tanka da ke ɗebo ruwa a bayan gada yana sayar mana da sunan tatacce. Mutumin ya rantse da kabarin mahaifinsa har sau uku, Dakta kuwa bai rantse ba, ya ce dubu uku da ɗari ɗaya ya yi shiru. Kowace Alhamis bayan la'asar kwamiti na haɗuwa a shagon Ganim, Ustaz ya rubuta lambar mako da alli a allon da ke jikin bango, mutane su tsaya su kalle ta suna girgiza kai yadda ake yi wa sakamakon ƙwallo. Da waɗannan lambobi aka rubuta takardun koke goma sha huɗu zuwa ofisoshin da abin ya shafa. An amsa biyu. Ɗaya ta yaba wa kwamiti bisa kishinsa. Ɗayar ta nemi a sake turo ta farkon, domin ta ɓace.

Sau ɗaya kawai gaskiyarsa ta jawo fitina a cikin gida. Wata rana Ustaz ya ce miyar kuɓewa ta yi gishiri, matarsa Najiha, wato Ummu Nawras, ta ce ba ta yi ba. Maimakon ya ci ya gode wa Allah kamar sauran magidanta, sai ya jira miyar ta huce sarai, ya zaro Dakta daga aljihun gaba ya tsoma a kwano.

“Dubu takwas da ɗari huɗu,” in ji shi cikin natsuwa. “Ummu Nawras, da kogi ne wannan, ba zan buɗe masa ƙofa ba.”

“To kada ka buɗe masa baki,” ta ce, ta ɗauke kwanon.

Kwana uku Ustaz da Dakta suna cin gurasa da wake a bakin titi. Marigayin bai taɓa nuna nadama ba.

Ya kamata a faɗi abin da ya sa Ustaz ya riƙe Dakta kamar ɗan cikinsa. Mahaifin Ustaz ya rasu ya bar itatuwan dabino ɗari uku. Yaƙi ya ci wasu, gishiri ya ci saura, aka bar kututture tsaye babu kawuna. Shekara biyu da suka wuce Ustaz ya dasa ƙananan dabinon barhi guda ashirin da bakwai a filin, babu wanda ya wuce ƙugu, har ya sa wa wasu sunaye bai gaya wa kowa ba. Babban dabino in ya sha ruwan gishiri fushi kawai yake yi ya rage 'ya'ya. Ƙarami in ya sha ya ƙoshi sau ɗaya, ya tafi ke nan. Hanyar ruwan da ta taso daga ƙofar ƙarfe tana bi ta bayan gida, ta wuce gefen ɗan lambun Ummu Nawras, sannan ta isa wurinsu. A lambun akwai kuɓewa layi huɗu, da na'a-na'a, da wani lalle guda ɗaya da ta taho da shi daga gidan mahaifiyarta a Fao cikin gwangwanin man girki, shekarar da aka kawo ta. Ustaz bai taɓa auna komai a wurin ba, domin bai ɗauke shi noma ba.

Bana harshen gishiri ya zo da wuri, ya kuma ƙi komawa. Lambar allo ta tashi daga dubu uku ta koma dubu biyar, ta haura dubu bakwai. Masunta suka fara kama kifin teku a gaban masallaci. Kifin subur, wanda ya saba hawowa kogi duk shekara ya ƙare a kan gawayinmu, ya ƙaura bai bar adireshi ba. Masu ɓauna suka kora garkensu arewa, duk wanda ya yi wanka a ƙorama kuwa sai ya wuni yana susa kamar mai neman wani abu a jikinsa. Alhamis ɗin ƙarshe Dakta ya ce dubu tara da ɗari takwas da saba'in, kuma waɗanda ke kusa sun shaida cewa ya ɗan jima kafin ya ce “tit-tit”. Sati biyar ƙofar na rufe. Dabinon nan ashirin da bakwai suna rayuwa ne da ruwan wankin shinkafa da na alwala, wanda Ummu Nawras ke tarawa a baho tana kai musu da bokiti, Ustaz na biye da ita yana nuna mata wanda ya fi bukata.

Ciwon ajali ya fara ranar Talata da safe. Da ruwa ya soma cika, Ustaz ya sauka bakin ƙorama kamar kullum ya tsoma Dakta. “Tit-tit.” Ya duba taga. Ɗaya.

Ba dubu ɗaya ba. Ɗaya tak, a tsaye a gefen hagu na tagar kamar sanda. Ya goge tabarau, ya goge tagar da bakin riga, ya sake tsomawa. Ɗaya. Ya matsa gaba taku goma ya ƙara. Ɗaya. Tataccen ruwan da muke saya a tanka sittin yake bayarwa. Na roba da ake ajiye wa baƙi, arba'in. Ustaz kuwa, da yake mutum ne mai ilimi, bai yi minti biyu ba ya gano dalili: takarda ta goma sha huɗu ta isa hannun da ya dace, an saki madatsun ruwa na arewa, ruwan ƙanƙarar duwatsu ya gangaro ya kora teku zuwa gidan ubansa.

Ya yi ihun da ya fito da rabin unguwa. Hajji Lafta ya iso yana dogara sanda, ya tsuguna, ya ɗebo, ya kurkure, ya tofar. Wannan karon ko sama bai kalla ba.

“Bari,” in ji shi.

“Hajji, Dakta ya ce ɗaya.”

“Ya ce ko rabi. Ustaz, ruwan nan ko kifi ya shiga sai ya nemi na sha.”

“Baffa, da girmanka, harshen nan naka ya yi shekara da shekaru yana shan shayin Ganim. Ba laifinsa ba ne.”

“Kai Ustaz, ina ruwan shayina?” in ji Ganim daga baya. “Ni kallo na zo.”

Ummu Nawras ba ta shiga gardamar ba. Ta ɗebi ruwan a kwano, ta murza sabulu a hannu, ta murza, ta ƙara murzawa, sannan ta miƙo wa mijinta tafukanta.

“Abu Nawras, dubi. Sabulu ya ƙi kumfa.”

“Sabulun nan na arha ne, na gaya miki tun ranar da kika sayo shi.”

“Shi ne dai ya yi kumfa jiya a ruwan tanka.”

“Ummu Nawras, don Allah. Yau ranar tarihi ce. Sabulu bai yi makaranta ba.”

“Bai yi ba kam,” ta ce. Ta goge hannu a gefen abayarta ta tafi.

Ustaz ya yi jawabi na minti goma sha biyu a kan amfanin rubuta koke da kyakkyawan nahawu. Sannan ya buɗe kwaɗo, ya murza ƙarfen da ke jan ƙofar, ta ɗaga tana kuka, ruwa ya kwararo garau, irin garau ɗin da kogin nan bai yi ba tun muna yara. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa daga kan soro. Daga baya ta ce ita ta zaci ɗaurin aure ne. Da Hajji Lafta ya rantse cewa ana juya baya zai rufe, sai Ustaz ya maida kwaɗon ya kulle ƙofar a sama, a buɗe, ya jefa makulli a aljihu kusa da Dakta, domin kare ci gaba daga masu tsohon tunani. Daga nan ya ba da umarni a cika tulu da ruwan kogi a tafi shagon Ganim, a dafa shayin murna da shi kamar yadda iyayenmu suka sha.

“Ustaz, in wani ya faɗi, ba ruwana,” in ji Ganim.

“Ɗaya, Ganim. Ɗaya!”

Ganim ya dafa shi yadda ya kamata. Ya bar shi ya daɗe a kan gawayi har ya yi baƙi, ya jefa masa kayan ƙamshi, ya zuba sukari cokali biyu a gindin kowane ɗan kofin gilashi. Mutum ashirin suka ɗaga kofi tare, suka kurɓa tare, shagon ya yi tsit. Babu wanda ke son ya zama na farko da zai ƙaryata kimiyya. Wani ya haɗiye da ƙyar ya ce, “Masha Allah, ya yi kauri.” Wani kuma, bayan ya shanye rabi, ya tuna cewa azumin nafila yake yi. Hajji Lafta ya ajiye nasa kofin a hankali.

“Ganim, ka manta albasa.”

“Albasar me, Hajji?”

“Au, ba romon kifi ka dafa mana ba?”

Nan fa shagon ya fashe. Mai azumi ya fi kowa dariya. Ustaz kuwa ya ɗaga kofinsa ya shanye tas bai ƙifta ido ba, ko da yake idon ya kawo ruwa da kansa.

“Ma'adinai ne,” in ji shi. “Ruwan dutse haka yake. Bakunanku ne suka manta ɗanɗanon kogi.”

“Ganim, ƙara wa Ustaz,” in ji Hajji. “Yana son ma'adinai.”

Ganim ya ƙara. A nan ne Ustaz, cikin zafin rai da son kare sunan abokinsa, ya manta da nasiha ɗaya tak da aka yi masa a kasuwar Ashar. Ya zaro Dakta ya tsoma shi cikin shayin da aka sauke daga wuta yanzun nan, yana tururi.

Dakta ya ce ɗaya. Sannan ya ce takwas, takwas, takwas, takwas, lambar da ba a taɓa gani a wani ruwa ba. Sannan ya yi wani siririn “tiiii” mai tsawo da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, tagarsa ta yi duhu daga gefe zuwa tsakiya. An yi duk abin da za a iya. An yi masa fifita, an hura masa iska, an cire baturan an lasa an mayar, an binne shi cikin kwanon ɗanyar shinkafa. Bai sake cewa “tit” ba.

Cikin wannan ruɗani Ustaz ya zabura tsaye, gwiwarsa ta daki teburin, takardar nan da ta shekara shida a ƙarƙashin ƙafa ta zamo waje. Ganim ya ɗauka, ya kaɗe ƙura, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Ustaz, ga wasiyyarsa.”

Ustaz ya warware ta ya karanta. Ya kai wani layi a can ƙasa ya tsaya, ya koma farkonsa, leɓensa na motsi.

“Me ya ce?” in ji Hajji Lafta.

“Ya ce...” Ustaz ya gyara murya. “Ya ce idan aka ga ɗaya shi kaɗai a gefen hagu, gishirin ya wuce abin da zai iya ƙirgawa.”

Hajji ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya gano ɗan garinsu a baƙuwar ƙasa.

“Allah sarki. Ashe 'bari' yake cewa da yarensu.”

Don haka iyalan marigayin ke ƙara jaddada abin da aka faɗa a farkon wannan sanarwa. Dakta bai yi ƙarya ba. A ranarsa ta ƙarshe ya faɗi maganar da manyan ma'aikata ba sa iya faɗa, wato abin nan ya fi ƙarfina. Ya faɗe ta sau uku a bakin ƙorama, ya maimaita ta cikin shayi, kuma a kanta ya cika.

Sai a lokacin Ustaz ya ji nauyin makulli a aljihu. Ƙofar ta kusa awa biyu a buɗe. Waɗanda suka gan shi sun ce ba su taɓa sanin mutum mai shekara hamsin da biyu, mai tumbi da hawan jini, zai iya irin wannan gudu ba. Takalminsa ɗaya da ya faɗi a hanya har yanzu yana hannun wani mai gyaran keke, yana jiran a zo a karɓa. Ya sauke ƙofar. Ya zagaya bayan gida yana kiran sunayen nan da bai taɓa gaya wa kowa ba, ya shirya ganin gawa ashirin da bakwai tsaye cikin ruwa.

Ya tarar da su tsaye a busasshiyar ƙasa, da ƙishirwarsu ta jiya, ko ɗigo bai kai gare su ba. Ya biyo hanyar ruwan baya har inda ta wuce gefen lambun matarsa. A nan aka toshe ta da buhu biyu na ƙasa, da tabarmar ƙofa, da tsohon bahon nan na tara ruwan alwala, an liƙe da taɓo. Shingen ƙasar da ke ɓangaren lambu kuwa an fasa shi da shebur, domin ruwan da aka tare dole ya sami inda zai nufa, in ba haka ba ya haura ta sama. Duk abin da teku ya aiko cikin awa biyu yana kwance a ɗan lambun, ya kai ƙwauri. Kan kuɓewa kawai ake gani. Na'a-na'a ta nutse gaba ɗaya. Lallen yana tsakiya. Ummu Nawras na tsaye cikin taɓo, ta ɗaure abaya a ƙugu, tana dogare da shebur.

“Ummu Nawras, me ya faru a nan?”

“Ruwa ne ya zo yana tambayar hanya, na nuna masa.”

“To me ya hana ki rufe ƙof...”

Bai ƙarasa ba, domin ta kalli hannunsa, shi ma ya kalla, ga makulli a ciki.

“Ya ranar tarihi?” ta ce.

“Dakta ya rasu.”

“Allah ya ba ka haƙuri. Miƙo min bokitin can.”

Ya miƙa. An ce ma ya tuɓe ɗayan takalmin ya shiga. Kwamiti dai ya rubuta a littafinsa cewa dabinon sun tsira sakamakon matakan gaggawa da aka ɗauka.

Marigayin ya rasu ya bar Ustaz Falih, da batura biyu masu sauran rai, da marfinsa, da ƙanne masu yawa a kasuwar Ashar. Ya bar lambar dubu tara da ɗari takwas da saba'in a allon Ganim, wadda har yau ba a sami mai ƙarfin zuciyar gogewa ba. Ya bar wasiyyarsa, wadda aka mayar ƙarƙashin teburin bayan kowa ya gani, saboda teburin ya koma rawa. Ya kuma bar majinyacinsa ɗaya tilo, kogin, yana nan kwance yadda ya bar shi. Kwamiti ya fara rubuta takarda ta goma sha biyar. Da aka zo gurbin da aka saba sa lamba, aka rasa abin rubutawa, sai Hajji Lafta ya kawo shawarar a haɗa takardar da kwalba ɗaya ta shayin ranar Talata, wanda Ganim bai zubar ba, a roƙi duk wanda ta faɗa hannunsa ya kurɓa kafin ya ɓatar. An amince baki ɗaya.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman. Ya ce babu salla, babu wanka, kada kuma ya ji wani ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambaya ko ba mu da aikin yi. Saboda haka za a naɗe marigayin cikin ƙyallen goge tabarau, a sa shi a kwalin da ya zo da shi, a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a gindin dabino na farko daga cikin ashirin da bakwai. Wasu sun so a jefa shi a kogin da ya yi wa hidima, Ustaz ya ce abin da ke ciki ya isa. Za a yi zaman karɓar gaisuwa na kwana uku a shagon Ganim, da gahawa mai ɗaci da shayi. Ganim ya yi alkawarin ruwan tanka ne, kuma Hajji Lafta, wanda aka mayar wa makulli a matsayin riƙon ƙwarya kafin a samo magajin marigayin, zai ɗanɗana kowace tukunya kafin a zuba. Masu zuwa daga nesa su taho da ruwan shansu. Abincin sadaka shinkafa ce da wake. Ba za a yi miyar kuɓewa ba, kuma ana roƙon kada a tambayi dalili.

Mata masu zuwa gaisuwa kada su nemi Ummu Nawras a falo. Tana bayan gida. Ruwan ya janye ya bar farin ɓawo a kan lambun, tana kankare shi da shebur, tana kwasa bokiti-bokiti tana kaiwa nesa da dabinon. Kuɓewar ta riga ta tumɓuke. Lallen ya zubar da ganyensa duka, sai ta tono shi, ta wanke saiwarsa ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shi cikin gwangwanin man girki a inuwar bango, kuma kofin ruwan da ta saba sha bayan abinci lallen take ba yanzu. Ustaz ya so a sa sunanta cikin waɗanda aka yi wa rashi. Ta ce a bari, ita ba a yi mata rasuwa ba tukuna.